Malamin Da Na Raba da Ajinsa

Da hantsin ranar Laraba, goma sha ɗaya ga watan Yuni, ina durƙushe a ɗakin kwamfuta ina jona na'urorin yara a caji, sai shugabar makarantarmu ta tsaya a bakin ƙofa. Ba ta yi sallama ba, ita da ko ajin 'yan shekara shida ba ta shiga sai da sallama. Ta ce, "Malama, Baba ya cika." Na ci gaba da riƙe wayar cajin a hannuna har sai da ta ƙaraso ta zare ta daga yatsuna. Dukanmu na Allah ne, kuma wurinSa za a tattara mu, da wanda ya riga da wanda ya yi saura.

Baba, yau kwana tara ke nan. An yi ta faɗin alherinka a gidanka da ɗakin malamai, kowa da nasa, ni kuwa na kame bakina, domin abin da ke raina ba irin wanda ake faɗa a tsakiyar masu gaisuwa ba ne. Ni ce na raba ka da ajinka a shekararka ta ƙarshe ta koyarwa, kuma da hannuna na rubuta takardar da ta jawo hakan. Ba zan iya yi maka ta'aziyya in tsallake wannan ba.

Ga wanda bai san ka ba, kai ne malamin lissafi na aji shida a makarantarmu. Shekara talatin da huɗu kana riƙe da alli, ashirin da biyu daga ciki a ɗaki guda, na ƙarshen baranda, mai tagar da ba ta rufuwa sai an tokare ta da dastar goge allo. Mu malamai Baba muke ce maka. Yara kuwa, idan ba ka kusa, Malam Sake-Duba suke kiranka, saboda ba a taɓa ganin ka ja wa yaro jan kuros a littafi ba. Sai dai ka bi aikinsa layi-layi, ka zagaye inda ƙafarsa ta zame, ka rubuta a gefe: sake duba. Ka san da sunan sarai. Akwai ranar da wata uwa ta zo neman ka, ta kira ka da shi a gaban kowa a zatonta sunanka ne na yanka, ka amsa mata da fara'a, ka ba ta kujera.

Ba zan ce ba ka da naka halin ba, don ba ka son a yi wa mutum kwalliyar ƙarya. Kana da taurin kai. Ka sha gyara wa shugaba lissafi a tsakiyar taro, kuma wanda duk ya goge allo da tafin hannunsa a gabanka, malami ne ko ɗalibi, sai ya sha wa'azi. Amma aljihun rigarka kullum da wani ƙaramin gwangwani cike da guntayen fensir da ka tsinta ka feƙe, yaron da ya zo ba abin rubutu kuwa ba ya ko buɗe baki, yatsa kawai yake ɗagawa. Ranar da na fara aiki, shekara huɗu da suka wuce, 'yan aji biyar suka raina ni, surutu ya hana ni jin muryar kaina. Sai ga ka a bakin taga, wai kana neman dastarka. Ka yi minti goma kana neman dastar nan a aji guda, har ajin ya yi tsit na gama darasina. Da na zo yi maka godiya, ka ce ai ba ka san abin da nake magana a kai ba.

A farkon shekarar karatun nan wata ƙungiya ta kawo wa makarantarmu kwamfutocin hannu guda arba'in da biyar da majigi ɗaya. A cikin kwamfutocin akwai manhajar lissafi: tana ba yaro tambaya da amsoshi huɗu, ya danna ɗaya, idan daidai ne ta nuna kore, idan ba daidai ba ta nuna ja, sannan ta tara wa malami sakamakon ajin gaba ɗaya. Da yake ni ce na karanci kwamfuta, aka damƙa mini komai, har da koya wa sauran malamai. Kaina ya fasu, ba zan ɓoye ba. Ina yawo da makullin ɗakin a wuya, ina jin kamar ni kaɗai na san inda duniya ta dosa.

Ranar horon farko ka zauna a layin gaba. Na ce kowa ya danna inda aka rubuta "shiga". Kowa ya danna, kai kana ta juya na'urar a hannu, ka matso da ita, ka nesanta ta, ka danna wani wuri daban ta fara kiɗa. Matasan malamai suka fashe da dariya, ni ma na yi. Ka kifa ta a kan tebur a hankali, ka ce kai alli ya ishe ka. Daga ranar ba ka sake taɓa ta ba. Idan lokacin da aka ware wa ajinka ya yi, sai ka ce yara su fito da littattafansu, na'urorin su kwana a akwati.

Sau ɗaya ka tare ni a baranda da wata magana. Ka tambaye ni ko na'urar tana nuna yadda yaro ya bi har ya kai ga amsa, ko amsar kawai take gani. Na ce amsar, ai ita ake nema. Ka ce a'a, kai hanyar kake nema, amsa ko a bakin maƙwabci ana samunta. Na ɗauka maganar tsofaffi ce da ba sa son sabon abu, na yi murmushi na wuce.

A ƙarshen zangon farko aka ce in rubuta rahoto a kan yadda kowane aji ya yi amfani da kayan. Na rubuta shafi uku. A kanka na rubuta cewa malamin aji shida ya ƙi karɓar sabon tsari, kuma yana jawo wa ɗalibansa koma baya a shekarar da za su zana jarrabawar fita. Ban zo na zauna da kai ba, ban yi maka tambaya ko ɗaya ba. Da aka dawo hutu, shugaba ta ba ni lissafin aji shida, kai kuma aka mai da ka ɗakin ajiyar littattafai, kana rubuta wanda ya ara da wanda ya mayar. Saura zango biyu ka yi ritaya.

Na zaci za ka yi fushi, na ma shirya amsoshin da zan ba ka. Sai ka kawo mini rajistar ajin da kanka, ka gaya mini wace yarinya ce ba ta ji sosai da kunnen hagu, a zaunar da ita ta dama, da waɗanne biyu ne ba a haɗa su benci ɗaya. Ka ajiye mini gwangwanin fensir ɗin a kan tebur. Na ce ba za mu buƙace shi ba, yanzu da yatsa ake rubutu. Ka mayar da shi aljihu.

Zangon nan na biyu na ji daɗinsa ƙwarai. Yara suna rububin shigowa aji, babu mai gyangyaɗi, kuma duk ranar Juma'a ina buga sakamako in liƙa a ɗakin malamai, kore ya cika takarda. Littattafan aiki kuwa na ce a ajiye su, ɓata lokaci ne. Ɗakin da aka kai ka bango ɗaya ne ya raba shi da ɗakin kwamfuta, sai ka riƙa shigowa lokacin da nake haska darasi da majigi, ka zauna a bencin baya kamar ɗalibi. Wata rana bayan yara sun fita ka tambaye ni ko abin nan yana iya nuna rubutun hannu. Na ce ka rubuta wani abu. Ka rubuta lissafi a takarda, na ɗauki hotonsa da wayata, na haska shi ya cika bango. Ka tashi ka taka har gaban bangon, ka daɗe a tsaye kana kallo, sannan ka ce ashe haka rubutunka yake da kyau, shekara talatin ba wanda ya gaya maka.

Sai aka yi jarrabawar gwaji a ƙarshen zangon, a kan takarda, yadda za a yi ta gaske, inda ake ba da maki a kan hanyar aiki. Cikin yara arba'in da ɗaya, goma sha biyu ne suka haye. Na zauna da takardun a gabana. Na kira wata yarinya, 'yar telan da ke bakin titin makaranta, wadda kullum take ta ɗaya a takardar da nake liƙawa, na tambaye ta yadda aka yi ta kasa raba ɗari shida da goma sha biyu gida shida. Ta amsa mini ba tare da wata kunya ba, don ba ta san laifi ba ne: "Malama, ai a kwamfuta in kika danna uku suka yi ja, na huɗun kore ne."

Wata uku ke nan yara suna dannawa har sai kore ya fito, ni kuma ina tafa musu. Abin da ya fi ci mini rai, da na koma na bincika, manhajar tana da wurin da malami zai taƙaita wa yaro gwaji ɗaya tak. Yana nan tun ranar farko, ban duba ba. Na'urar ba ta yi wa kowa ƙarya ba, abin da na sa ta ƙirga ta ƙirga.

Saura mako bakwai jarrabawar gaske, wadda da ita ake ɗaukar yara makarantar gaba. Na same ka a ɗakin ajiya kana manna bangon wani littafi da ya yage. Na ajiye takardun a gabanka, na ce ina neman taimako. Ban ce ka yafe mini ba, ban ambaci rahoton ba, na yi kamar shugaba ce kaɗai ta yanke hukuncin. Ka shafa takardun da hannu, ka tambaye ni abu ɗaya: za a ba ka majigin? Na ce har da ni mai kunna shi.

Makonnin da suka biyo baya su ne mafi kyawun koyarwar da na taɓa gani, kuma ina cikinta a matsayin mai riƙe waya. Littattafan aiki suka dawo. Yaro zai yi lissafinsa a littafi tukuna, sannan ya danna amsa sau ɗaya. Da an tashi, in duba in gaya maka tambayar da ta fi kayar da su. Ranar da na ce maka yara ashirin da tara sun amsa goma sha biyu maimakon ɗari da biyu, duk sun tsallake sifilin tsakiya, ka ce wannan abin da kai ne sai ka yi kwana uku da littattafai kafin ka gano shi. Ka ce to, a nan kam na'urar ta fi ka, a rubuta a ajiye.

Ni da farko so na yi in ɗauki hoton littafin yaron da ya yi kuskuren in haska. Ka hana. Ka ce yara sun san rubutun junansu kamar yadda suka san fuskar juna, ko an rufe suna za su gane, kuma yaron da aka haska kuskurensa a bango ba zai sake ɗaga hannu ba har ya bar makarantar. Sai ka riƙa kwafe kuskuren da hannunka, da manyan baƙaƙe, ka zo da shi da safe. In haska, ka tsaya a gefe ka ɗaure fuska, ka ce jiya ka yi wani lissafi bai fita ba, a taimaka a nemo maka inda ka ɓata. Yara arba'in da ɗaya suna miƙewa tsaye don su kama Malam Sake-Duba da kuskure. Wanda ya yi kuskuren na asali sau da yawa shi ke fara ganowa, ya fito ya nuna da sanda, ya koma yana taƙama, ba wanda ya san nasa ne. Har wata uwa ta aiko a tambaya ko lafiyarka ƙalau, don 'yarta ta ce kullum sai sun gyara maka lissafi.

A mako na shida ciwon ƙirji ya kwantar da kai. Na ci gaba da ajin yadda ka tsara, ina kwafe kuskure da nawa hannun, ko da yake yara ba su yarda da ni kamar yadda suka yarda da kai ba. Bayan an zana jarrabawar da kwana biyu, da la'asar, na je gidanka da niyyar in faɗi abin da na daɗe ina haɗiyewa. Mama, matarka, ta tarbe ni da sakin fuska kamar kullum, ta kawo mini ruwa, ta zauna a bakin gado. Ka rame, amma sai da ka tambaye ni tambayoyin da suka fito ɗaya bayan ɗaya, da yadda 'yar tela ta fito daga ɗakin, da dariya ko da kuka. Da na samu sarari na ce, Baba, akwai takardar da na rubuta a kanka a ƙarshen zangon farko.

Ka ce, "Na sani, 'yata. Ranar da kika kai ta shugaba ta miƙo mini. Na ce ta bar ni in zo gida da ita. Mamanku ce ta karanta mini."

Na dubi Mama, ta sunkuyar da kai. Na tambaya me ya sa sai da aka karanta maka.

Ka ce, "Don ba na gani. Shekara biyu ke nan yanar ido ta rufe mini gani, tabarau ya daina yi mini aiki. Rubutun allo ina gani, na bango ina gani. Waɗannan ƙananan na cikin gilashi kuwa, ranar da kika ce a danna, wallahi ban ga inda ake dannawa ba."

Mama ta buɗe durowa ta ciro wani gilashi mai mariƙi, na ƙara girman rubutu. Da shi kake duba littattafan yara a gida, a bakin taga, shi ya sa kullum kake tafiya da su a jaka, mu kuwa muna cewa ƙwazo ne. Likita ya ce a yi maka aiki, ka ce sai yaran bana sun fita. Ka ɓoye wa makaranta don kana tsoron idan aka sani za a karɓe ajin. Ni kuma na zo na karɓe shi ba tare da na san komai ba.

Na ciro wayata, na buɗe wani rubutu, na ɗora yatsa biyu a kan gilashin na ware su, baƙaƙen suka yi manya har kalma uku suka cika fuskar wayar. Na miƙa maka. Ka karanta su a fili. Ka ɗora naka yatsun ka gwada, rubutun ya ƙaru, ka matse ya ragu.

Ka ce, "Shi ke nan? Wannan ne kawai?"

Na ce, "Shi ke nan, Baba."

Ka yi dariya har tari ya sarƙe ka, Mama tana shafa maka baya, ni kuwa kuka nake yi. Abin da zan nuna maka a minti ɗaya ranar horon nan, da na sunkuya kusa da kai na tambaye ka me ya faru maimakon in yi dariya, shi ya ci maka zango guda cikin ukun da suka rage maka a duniya. Da ka samu numfashi ka ce in share hawayena, ni ban tambaya ba, kai ba ka faɗa ba, a raba laifin gida biyu, babu saura. Na ce nawa ya fi yawa. Ka ce kai ne malamin lissafi, ba ni ba.

Kwana biyar bayan nan ka rasu. Sakamakon yaran bai fito ba tukuna, ban san nawa ne za su haye ba, kuma ba zan yi maka alkawarin abin da ba ni da iko a kai ba. Na dai san sun shiga ɗakin jarrabawa sun san cewa ana bin hanya kafin a kai ga amsa.

Na je wurin shugaba na roƙe ta a cire rahoton nan daga fayil ɗinka. Ta ce abin da aka riga aka shigar ba ya fita, amma ana iya ƙara wani a kansa. Don haka wannan rubutu kwafi biyu na yi. Ɗaya na masu karatu ne, ɗaya kuma gobe da safe zan kai shi ofis a ɗora shi a kan wancan, da sa hannuna a ƙasa kamar na farkon, domin duk wanda ya buɗe fayil ɗin ya fara cin karo da shi. Malamin aji shida bai ƙi sabon tsari ba. Ba ya gani ne, kuma wadda aka ɗora wa koya masa ba ta tambaye shi ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga 'ya'yanka da jikokinka, da malaman makarantarmu, da ɗaliban da suka ratsa ajin ƙarshen baranda cikin shekara ashirin da biyu. Ke kuma Mama, da kika karanta wa mijinki kalamaina da bakinki, sannan kika ci gaba da tarbata da ruwa da fara'a har wata biyar ba ki taɓa nuna mini a fuska ba, ina roƙonki ki yafe mini, Allah Ya ba ki haƙurin wannan rashi.

Ya Allah, bawanKa ya rufa wa yara asiri a kan kurakuransu, Ka rufa masa nasa. Ka gafarta masa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haskaka masa shi, Ka sa abin da ya koyar ya ci gaba da isa gare shi. Ka sa Aljanna ce makomarsa, mu kuma idan tamu ta zo Ka sa mu cika da imani. Amin.